Lambar da Baba Ya Nemo Maka

Zuwa ga Yayana, babban wa madadin uba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙo gaisuwa da hannu biyu, irin ta ƙanwa ga wanta, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta tarar da kai cikin lafiya da kwanciyar hankali, kai da uwargidanka da yara. Allah ya tsare ku daga sharrin baƙunta, ya sa albarka a neman da kake yi, ya dawo mana da kai muna raye kana raye, amin. In ka tambayi mu nan, sai godiya. Maigidana lafiya lau, yana nan yana fama da motar nan tasa wadda turinta ya fi tafiyarta yawa. Yara sun koma makaranta, babbar ta fara jin kanta, ba ta amsa kira sai an maimaita. Gwaggo gwiwa ta matsa mata, amma bakin nan yana nan daram. Kasuwa kuwa ka san halinta, masu gwada takalmi sun fi masu saye. Kowa ya zura ƙafa, ya taka, ya dubi madubi, ya ce zai dawo. Da a ce "zan dawo" abin hawa ne, da tuni na hau na zo na same ka.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da waya ke aljihun kowa. Dalili shi ne, a waya kai ne mai magana, ni kuwa mai cewa to. Kafin in haɗa zance ɗaya ka riga ka yanke hukunci, ka ce kana bakin aiki. Takarda kuwa ba a katse mata numfashi. Na san 'yar'uwarmu, wadda yarana suka laƙaba wa Anti Ofis, ta gaya maka cewa Baba ya ɗan sami matsala da magani, an kwantar da shi, yana samun sauƙi. Wannan labarin ma'aikata ne, an wanke shi an goge an ninke. Ni 'yar kasuwa ce, zan zazzage maka buhun a ƙasa ka ga har na gindi, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baba ya leƙa kabari ya dawo, Yaya. Yanzu an fito da shi daga ɗakin masu tsananin ciwo, an mayar da shi ɗakin jinya na kowa da kowa, kuma likita ta ce in ya ci gaba haka za a sallame shi ba da daɗewa ba. Sallamar nan ce ta hana ni sukuni, ita ta sa na ɗauki biro.

Bari in ɗauko maka daga tushe. Tun da aka ce Baba yana da hawan jini, kowa a cikinmu ya zama likita. Asibiti sun rubuta masa ƙwaya ɗaya, ni nake karɓo masa, ina wucewa da safe kafin in buɗe shago in ga ya haɗiya. Anti Ofis ta ji wata abokiyar aikinta tana yabon wani magani, ta saya a kemis ta kawo masa da yamma, ba ta gaya mini ba. Kai kuma ka aiko da naka ta hannun matafiyi, tare da injin awon jini mai ɗaurin hannu. Kuma don jakar mutumin kada ta yi nauyi, ka ɓare ƙwayoyin daga kwalayensu ka zuba a leda, babu suna babu takarda, kamar gyaɗa. Baba ya dubi kyautar 'ya'yansa uku, ya rasa wadda zai ƙi. Ka san shi da kara, ba zai iya cewa na wane ya fi na wane ba. Sai ya juye naka da na Anti Ofis a tsohon gwangwanin madara, ya tura ƙarƙashin gado. Ni ina gadin ƙofar gaba ina jin kaina mai wayo, ashe ɓarawo ya riga ya yi shimfiɗa a ɗaka.

To, ka manta wane ne ubanmu. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a bakin titi yana facin taya, gejin awon iska a aljihun gaba kamar biron malami. A wurinsa babu abin da ya fi sauƙin gyara irin abin da ke da awo. In iska ta yi yawa a taya, a sassauta, a ɗora geji, in bai yi ba a ƙara sassautawa, har allura ta tsaya inda ake so, sannan a sallami mai mota. Ka ɗauki injin da ke hura iska yana nuna lamba ka damƙa wa irin wannan mutum, ba ka zauna da shi ka yi masa bayani ba. Sannan ka ɗora masa jarrabawa. Duk ranar hutunka sai ka kira, kuma ba ka cewa ina kwana sai ka ce nawa injin ya nuna. In lambar ta yi sama ka hau faɗa, ka ce ba ya kula da kansa, ka ce kana can kana wahala saboda shi, mu kuma na kusa muna barci. Na sha ganinsa bayan wayarka, ya zauna yana murza hula kamar yaron da aka kora daga aji. Tsohon da direbobin manyan motoci ke tsayawa su gaishe shi da girmamawa, ya koma tsoron ƙarar waya.

Ranar da abin ya faru ranar kiranka ce. Na wuce da safe, ya sha na asibiti a gabana, na tafi kasuwa. Ina juya baya ya ɗaura injin. Lamba ta fito sama, kuma yanzu likita ta gaya mana cewa fargaba kaɗai tana iya ɗaga ta. Sai ya jawo gwangwani, ya ɗauki naka ya haɗiya, ya jira ɗan lokacin da mai faci ke jira, ya sake awo. Lamba ba ta motsa ba. Ya ƙara. Ya sake awo, ya ƙara na Anti Ofis, ya koma naka. Abin da bai sani ba, jikin mutum ba taya ba ne. Irin wannan magani a hankali yake aiki, yana shiga ya kwanta kamar bai san komai ba, sai can ya tashi gaba ɗaya. Haka ya wuni tun hantsi yana awo yana haɗiya, har shi kansa lissafin ya ɓace masa. Wajen azahar lamba ta fara sauka, ta zo daidai inda kake so. A lokacin ka kira. Ya karanta maka ita da murna, kai kuma ka ce madalla, ka ce ka ga amfanin magani mai kyau, ya ci gaba da shi kada ya yi wasa. Ka tuna? Muryar da ka ji tana rawa ba farin ciki ba ne kaɗai, Yaya.

Bayan la'asar na rufe shago da wuri na kai masa abinci. Na tarar da shi a kan bencin ƙofar ɗaki, ya jingina da bango, gumi ya jiƙa masa riga, ga amai a gefe ya rufe da ƙasa don kada in gani. Hankalinsa garau, har yana ba ni albishir cewa yau ka yaba masa. Na kama hannunsa na ji sanyi kamar na ɗauko shi daga firji. Na ce ya tashi mu shiga ciki, yana miƙewa ƙafafu suka ƙi, ya zube a jikina. Da na matsa masa da tambaya sai ya nuna ƙarƙashin gado da haɓa. Kan ka ce me, maƙwabta sun cika tsakar gida, kowa da asibitinsa a baki. Wannan ya ce a ɗura masa madara, wancan ya ce ruwan gishiri, mai wankin bayan layi har ya naɗe hannun riga zai zura masa yatsa a maƙogwaro. Na ce duk wanda ya taɓa mini uba sai na nuna masa cewa ni a kasuwa na girma. Na suri gwangwani da kwalin na asibiti na cusa a jaka, aka tare mana tasi, muka ɗauke shi kamar buhu. Daga baya likita ta ce da an tilasta masa amai yana cikin wannan hali, da ya shaƙe ya gangara huhu, mu sami ciwo biyu.

A ɗakin gaggawa nas ta ɗaura masa nasu injin, ta duba, ta sake ɗaurawa a ɗayan hannun, sai na ga ta bar tafiya ta koma gudu. Jinin ya faɗi ƙasa warwas, zuciya kuma tana bugawa ɗaya-ɗaya kamar mai jin barci. Likitar wata 'yar siririya ce da ba ta da lokacin murmushi. Tambayarta ta farko ita ce me ya sha, da yawansa, da lokacin. Na miƙa mata gwangwanin madara. Ta buɗe, ta dubi ƙwayoyi farare da masu ruwan hoda a cakuɗe, ta ɗago ta dube ni. Yaya, na yi ciniki da 'yan damfara, an taɓa kama ni da takalmi ƙafar hagu biyu a gaban mai saye, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan kallo ba. Ta ce magungunan hawan jini iri-iri ne, kowanne da hanyar da ake bi a kwance shi, kuma ba za ta iya yaƙi da abokin gaba da ba ta san sunansa ba. Anti Ofis ta iso da takalmi mai tsini, Allah ya taimaka tana da sunan nata a waya. Saura naka. Na kira ka har wayata ta yi zafi, ba ka ɗauka ba. Da ka kira daga baya ka ce sunan ya kwanta maka, wai wani abokin aikinka ne ya ce yana yi wa surukinsa amfani, sai ka tambaye shi. Kafin hoton kwalin ya iso, mai haɗa magani na asibitin ya riga ya gane shi da tambarin da ke jikin ƙwayar. Ka san me ya fito? Naka da na asibiti abu ɗaya ne, riga kawai suka canza, sai dai naka ya fi ƙarfi. Na Anti Ofis kuwa mai rage gudun zuciya ne. Ɗaya ya saki jijiyoyi, ɗaya ya taka wa zuciya birki, a jikin tsoho ɗaya.

Ba su jira duk wannan ba, sun riga sun fara aiki. Likita ta ce akwai wani baƙin ruwa kamar na gawayi da ake ba mutum ya kama maganin tun yana ciki, amma namu ya makara, ya riga ya bi jini. Suka sa masa ƙarin ruwa a hannu biyu, suka yi allurar da ke zaburar da zuciya, ba ta yi wani tasiri ba. Suka bi da wata ta kalsiyam, jinin ya ɗan ɗaga kai ya sake kwanciya. Daga nan aka tura gadonsa ɗakin masu tsananin ciwo, inda ake cire takalmi a ƙofa kuma ba a barin kowa ya daɗe. Aka huda jijiyar wuyansa aka zura siririyar roba, aka haɗa da wasu ƙananan injuna masu tura magani ɗigo-ɗigo don su matse jijiyoyin da suka saki. Aka sa masa robar fitsari. Baba, wanda ko hularsa ba ya cirewa a gabanmu, yana kwance da wayoyi a ƙirji, wani allo a saman kansa yana ƙara yana nuna lambobi. Shi kuma, don Allah ka ji, yana ta ƙoƙarin juya wuya ya karanta.

Sai likita ta fito ta ce za su fara ba shi insulin, allurar masu ciwon suga, mai yawan gaske, tare da ruwan suga ta jijiya. Nan Anti Ofis ta tashi da Turancinta, ta ce ubanta ba shi da suga, ta ce an ruɗa fayil, ta nemi ganin shugaba. Ni kuwa na saba sauraron mai kaya kafin in taya. Likitar ta yi mana bayani a tsaye. Ta ce wannan guba tana hana zuciya cin abincinta, ga suga a jini amma zuciya tana yunwa, insulin ne ke buɗe mata baki ta ci ta sami ƙarfin bugawa. Ruwan sugan kuwa don kada na jikinsa ya faɗi ne, shi ya sa za mu ga ana yawan tsira masa allura a yatsa ana awo, ana kuma ɗibar jini ana duba gishirin jiki. Anti Ofis ta ce to a yi masa wankin jini mana a huta. Likita ta ce wannan maganin manne yake, injin wanki ba ya fitar da shi, babu abin yi sai a riƙe masa zuciya da jini har jikinsa ya ƙone gubar da kansa. Ta ƙara da cewa ba ta yi mana alkawarin komai ba. Na ja 'yar'uwarmu gefe na ce mata wanda ya sayo birki a kemis ba shi zai koya wa direba tuƙi ba. Ba ta yi mini magana ba har washegari, kuma ban rasa komai ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na so in tuna su. Yatsun Baba duk sun zama rariya. Ruwa ya taru masa a huhu, aka rufe masa fuska da abin numfashi, yana ja kamar mai hawan dutse. Fitsari ya ɗauke, ni da ban taɓa tunanin zan yi addu'a a kan fitsari ba, na zauna a benci ina leƙen ledar fitsarin ta cikin gilashin ƙofa ina roƙon Allah ya sa ta cika. Shago a rufe, maƙwabciyata mai jakunkuna tana kwashe mini masu saye da murmushi. A hankali zuciya ta fara kama hanya, aka rinƙa rage injunan ɗaya bayan ɗaya, fitsari ya dawo. Amma likita ta ce ƙodarsa ta ji jiki, ba lallai ta koma kamar da ba, kuma ta faɗa mini ƙarara cewa in aka sake irin wannan, kada mu wahalar da mai tasi. Sannan ta kira ni wani ɗan ofis ta rufe ƙofa, ta tambaye ni ko Baba yana cikin damuwa, ko ya taɓa cewa ya gaji da duniya, don wanda ya sha irin wannan yawa dole su tambaya. Na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi. Ubanmu, mai tasbaha a hannu, ana tambaya ko ya nemi kashe kansa.

Da ya sami bakin magana ta tambaye shi da kanta, ina tsaye. Ya yi mamaki ƙwarai, ya ce shi da yake neman lafiya ina shi ina neman mutuwa. Ya ce yaronsa na can wata ƙasa yana wahala, ba ya samun barci saboda lambar nan, shi kuwa ya ga bai kamata a ce kullum ya kira sai ya ji abin da zai ɓata masa rai ba, shi ne ya ce bari yau ɗaya ya gyara masa ita. Likitar nan da ba ta murmushi ta sunkuyar da kai tana gyara abin da bai lalace ba a jikin gado. Da ta fita ya kama mini gefen mayafi, ya ce in ka kira kada in kuskura in ce maganinka ne, in ce maka zazzaɓi ne ya kayar da shi, maganinka kuwa yana aiki sosai. Ka ji mutumin da ya dawo daga bakin rami, abin da ya dame shi kada ranka ya ɓaci. Na ce masa to. Wannan takarda ita ce "to" ɗin da na ce masa, Allah ya yafe mini.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne saƙon da ka turo wa Anti Ofis shekaranjiya, wai ka gano wani sabon magani da ya fi wancan, da wani injin da ya fi wancan, kana neman matafiyi. Har ka ƙara da cewa da ana lura da shi yadda ya kamata da haka ba ta faru ba. Na gode, Yaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma na nesa ya fi iya kwatance. Ba na ce ba ka ƙaunarsa ba. Ƙaunarka ce ma take ba ni tsoro, don ta leda take zuwa, ba suna ba takarda. Garin gyaran gira mun kusa rasa ido. Na kwashe gwangwanin na ba asibiti su zubar, na kulle injin a shagona ƙarƙashin kwalayen silifas, Anti Ofis ta rantse ba za ta ƙara shiga kemis da sunansa ba. Amma duk wannan aikin banza ne, don Baba ba ya jin maganata, ni har gobe yarinya ce mai surutu. Ba ya jin ta likita, jiya ma ya ce da ita 'yar nan ta iya aiki, kamar yana yabon mai koyon faci. Maganar mutum ɗaya ce doka a kunnensa, kuma maganarka ta ƙarshe da ya riƙe ita ce ya ci gaba kada ya yi wasa. Yau da safe ya tambaye ni inda injinsa yake, wai ranar hutunka ta kusa. In ban ba shi ba zai aro, layinsu ba a rasa mai hawan jini ba, kuma kemis ba ya tambayar tsoho dalili.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma ban saba roƙo ba. Kada ka aiko da ƙwaya, kada ka aiko da inji. Kafin a sallame shi ka kira wayata, zan kara masa a kunne ina tsaye. Ka gaya masa da bakinka cewa ka san duk abin da ya faru, kuma ba ka yi fushi ba. Ka ce masa kai ne ka hana shi shan komai sai abin da likita ta rubuta, daga hannuna, ko da injin duniya duka sun nuna sama. Ka ce awo aikin asibiti ne, kuma kai ba za ka sake tambayarsa lamba ba har abada. Sannan ka cika alkawarin. In ka rasa abin da za ka ce masa bayan sallama, ka tambaye shi labarin direbobin da ya sani, zai riƙe ka har katinka ya ƙare. In ka ga girmanka ba zai bari ka janye maganarka ba, to ka faɗa mini da wuri, in san ko gida zan mayar da shi ko jiran ranar ajali.

Ka gaishe mini da uwargidanka, ka ce ina nan ina yi mata addu'ar haƙuri. Ka shafa mini kan Mai Sunan Baba da 'yar autarku mai wushirya, ka ce gwaggonsu ta ajiye musu takalma, in ba su zo da wuri ba ƙafa za ta wuce su. Maigidana yana gaishe ka, Gwaggo tana gaishe ka tana cewa ka ji tsoron Allah, Kawu Direba ma ya ce a miƙa masa gaisuwa. Anti Ofis ba ta san na rubuto ba, amma na gaishe ka a madadinta. Baba kuwa bai ba ni saƙon gaisuwa ba, ya ce shi da bakinsa zai gaishe ka in ka kira, yana so ya shirya tukuna.

Allah ya bar zumunci, ya ba mu ikon riƙe shi.

Ƙanwarka,
Mai Takalma